Wannan abin da ke tashe ni ƙarfe uku na dare, ni kaɗai ne?

Baƙon Dare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, na fi wata biyu ina rubutawa ina gogewa, yau dai na ce bari in tura duk abin da zai faru ya faru. Wani abokin aikina ya rasu wata huɗu da suka wuce, ba jinya ba komai, mun rabu da yamma yana ce min gobe zai dawo min da cajar da ya ara, da safe sai waya aka yi min. Na yi kuka na yi masa addu'a na ɗauka shi ke nan. To amma tun daga lokacin kusan kullum sai in farka wajen ƙarfe uku, ba mafarki nake ba, ido ne kawai zai buɗe, sai in ji wani abu ya danne min ƙirji, wai ni ma fa wata rana babu ni, wannan hannun da nake kallo da wannan muryar da nake magana da ita a cikin kaina duk za su tsaya kuma duniya ta ci gaba da harkarta kamar ba a taɓa yi na ba. Kujerarsa a ofis sati biyu aka yi aka ba wani. Ba haushin wanda aka ba nake ji ba, aiki dole a yi shi, amma duk sanda na kalli wajen sai in ce to wai me muke yi ne, duk wannan gudun na mene ne. Ina sallah ina azkar, na yi imani da lahira wlh, amma abin ya ƙi tafiya. Kuma ba zan iya ce muku ga abin da nake tsoro ba, da ɓarawo ne da na san in kulle ƙofa. Sai in ɗauki waya in yi ta ja har a kira asuba. Akwai wanda ya taɓa jin irin haka?

Maman Husna:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan abokinka ya yi masa rahama. Ba kai kaɗai ba ne ƙanina, ni bayan haihuwata ta biyu na yi fama da shi, ina shayar da yarinya cikin dare ina kallon fuskarta sai kawai in ji wai wannan ma za ta tsufa ta mutu, in fashe da kuka ni kaɗai. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Abu Sumayya:
Ɗan'uwa gaskiya zan faɗa maka saboda ina sonka don Allah. Wannan waswasi ne da raunin tawakkali. Wanda ya san daga ina ya zo kuma ina za shi ba ya tambayar me muke yi, an riga an ba mu amsa, ba a halicce mu ba sai don bauta. Allah ya ce da ambatonsa ne zukata ke natsuwa. Ka ajiye waya ka yi alwala ka ɗauki Alƙur'ani. Yawan buɗe irin wannan ƙofa shi ke kai yara ga ilhadi.

Malama Ummu Bilal:
Malam Abu Sumayya shawarar alwala da karatu ba wanda zai musa, amma ka yi saurin yanke masa hukunci. Mutum ya ce maka yana sallah yana azkar ya yi imani da lahira, kai kuma ka ce imaninsa ne ya yi rauni, to ka ga ka ƙara masa wani tsoron a kan wanda yake da shi, yanzu in ya farka ƙarfe uku ba mutuwa kaɗai zai tuna ba har da ko ni munafuki ne.

Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Allah ya nuna masa yadda yake raya matattu, aka ce ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Yana nan a Baƙara aya ta 260. Ke nan imani daban, natsuwar zuciya daban, mutum zai iya samun na farko yana neman na biyu. A Suratul Balad Allah ya ce ya halicci mutum cikin wahala, a Ma'arij ya ce an halicce shi mai raki. Kuma a Sahihu Muslim sahabbai sun zo sun ce muna jin wani abu a zukatanmu wanda muke jin nauyin furta shi, Manzon Allah (SAW) bai kore su ba, ya ce wannan ƙyamar da kuke ji ita ce tsantsar imani. Shi da kansa yana neman tsari daga hammu da hazan, wato damuwa da baƙin ciki. Ana neman tsari ne daga abin da yake samun mumini.

Abu Sumayya:
Malama na karɓi gyara a kan lafazi, Allah ya yafe min in na ɓata masa. Amma ina nan a kan cewa maganin yana cikin addini.

Ɗalibin Falsafa:
Ni abin da ya tsaya min a rubutunsa shi ne inda ya ce da ɓarawo ne da ya san ya kulle ƙofa. Wlh wannan layin shi ne gaba ɗaya maganar. Akwai bambanci tsakanin tsoro da wannan abin. Tsoro yana da abin da ake tsoro, maciji ko jarabawa ko kora daga aiki, in abin ya gushe tsoron ya gushe. Shi kuwa wannan ba shi da fuska, ba wani abu ne a cikin duniya ke tsorata ka ba, kasancewarka a duniyar ce kanta ta zame maka tambaya. Masana suna kiran shi fargabar wanzuwa ko damuwar samuwa, duk yadda mutum ya fassara.

Wani ɗan ƙasar Denmak, Kierkegaard, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan a 1844, kuma ba mulhidi ba ne, Kirista ne mai riƙo sosai. Misalin da ya bayar shi ne mutum ya leƙa rami mai zurfi jiri ya ɗebe shi, ya ce jirin ba daga ramin kaɗai yake ba, daga idon mai leƙawar ma yake, don haka ya kira wannan fargaba jirin 'yanci, wato ka gane cewa zaɓi yana hannunka kuma ba wanda zai rayu maka rayuwarka. Bai ce a gudu daga gare ta ba, cewa ya yi a koyi yadda ake jin ta yadda ya dace. Daga baya Heidegger na Jamus a 1927 ya zo ya ce yawancin lokaci muna ɓuya ne a cikin "ana cewa" da "ana yi", kowa ya san ana mutuwa amma a ransa wasu ne ke mutuwa, sai ranar da abu ya faru kusa da kai labulen ya yaye ka gane kai ma kana cikin layin. Kujerar nan da aka ba wani ita ce ta yaye masa labule.

Abu Sumayya:
To ka gani ko, mun fara. Mutum na neman natsuwa an kawo masa Turawa.

Ɗalibin Falsafa:
To Malam bari in kawo maka namu. Imam Ghazali. A 1091 aka ba shi babbar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, sarakuna na girmama shi. A 1095 abin ya same shi, shi da kansa ya ba da labari a littafinsa Munƙiz, ya duba aikinsa ya ga neman suna ne ya fi yawa a ciki, ya yi kusan wata shida yau ya ce zai tafi gobe ya fasa, har harshensa ya ɗaure ya kasa koyarwa, abinci ya ƙi shiga, likitoci suka ce wannan abu ne da ya sauka a zuciya. Ya bar komai ya nufi Sham, sai bayan kusan shekara goma sha ɗaya ya koma koyarwa a Naisabur. Wa zai ce Ghazali bai san an halicce shi don bauta ba? Ya san amsar a ka, amma sai da tambayar ta kama shi a ƙirji. Kuma littafinsa Ihya daga cikin wannan tafiyar ya fito.

Abu Sumayya:
Wannan kam gaskiya ne. Sai dai ka lura inda ya je ya samu mafita, ba wajen masana falsafa ba ne.

Ɗalibin Falsafa:
Na yarda. Ni dai abin da nake karewa shi ne tambayar ba laifi ba ce.

Nas Mai Aikin Dare:
Ku bari in shigo ta ɓangaren jiki don kar mu tafi sama mu bar mutumin a ƙasa. Yaya Baƙon Dare, wata huɗu kana farkawa kullum ba ka komawa barci, wannan kaɗai ya isa a duba ka ko me ya jawo shi. Ƙarfe uku ɗin ma ba wani abin ɓoye ba ne, a rabin dare na biyu barci ya fi sauƙin katsewa, kuma wajen wannan lokacin sinadarin kotizol yake fara hawa a jiki yana shirya mutum wa safiya, in dama akwai damuwa a ƙasa sai ka farka garau, ga duhu ga shiru ba kowa, ƙwaƙwalwa a gajiye, ƙaramin tunani ya zama dutse. Shi ya sa abin da ya hana ka numfashi da dare in rana ta yi sai ka ga ya ragu. Waya kuma haskenta da abin da ke cikinta suna ƙara kore barcin.

Abu biyu ne ake haɗawa. Tunanin mutuwa da ma'anar rayuwa ba ciwo ba ne, duk mai hankali yana yi, ba allurar da za ta cire shi kuma bai ma kamata a cire ba. Amma akwai ciwon damuwa na asibiti, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da shi, kuma a shekarar farko ta korona shi da ciwon baƙin ciki suka ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Na farko na iya zamewa ya koma na biyu. Alamar ita ce in ya fara cin barcinka da abincinka da aikinka, ko zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi da gumi da jin kamar yanzu za ka mutu na 'yan mintuna sannan ya lafa. In kuwa ya kai mutum na jin gara ma ya tafi ko yana tunanin cutar da kansa to wannan ba na zaure ba ne, a daren nan a ta da wani a gida a tafi asibiti.

Malam Abu Sumayya, wannan rabon ma ba Turawa suka fara ba. Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934 ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa kamar rashi ko asara da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani.

Baƙon Dare:
Anti Nas na gode. Tunanin cutar da kaina babu alhamdulillah, akasin haka ma, son rayuwar ne ya yi yawa. Amma bugun zuciyar nan ya taɓa yi min sau biyu, kuma gsky na rame.

Nas Mai Aikin Dare:
To ka je a duba ka, ka faɗi komai yadda ka faɗa mana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za su duba zuciya da hawan jini da tayirod da ke maƙogwaro ma don wani lokacin daga can abin yake.

Sadauki 01:
Ni kam ra'ayina daban, kuma admin ku ji ni. Irin wannan fostin ɗin yana da illa a guruf mai mutum da yawa haka. Ni lafiyata ƙalau na shigo, na karanta na farko na karanta na Maman Husna yanzu ga ni nan kwance ina kallon silin ina lissafin shekaruna. Abin nan yana yaɗuwa. Facebook da kansu sun gwada a 2012, sati ɗaya suka sauya abin da mutum 689,003 ke gani ba tare da sun sani ba, wasu aka rage musu rubutun farin ciki wasu aka rage musu na baƙin ciki, da sakamakon ya fito a 2014 aka ga abin da mutane ke rubutawa ya ɗan karkata ya bi abin da aka nuna musu. Kuma ku duba yadda wayar take, ka buɗe ka ga sanarwar rasuwa da hoton saurayi, ka ja ƙasa ka ga bidiyon yaƙi, ka ƙara ja ka ga sa'anka ya sayi mota, duk cikin minti ɗaya. Mutanen da can mutuwar da suka sani ita ce ta wanda suka sani, mu kuwa mutuwar duniya gaba ɗaya ake zubo mana a tafin hannu kullum, sannan a nuna mana kowa ya wuce mu. Zuciya ba a yi ta don ɗaukar wannan ba.

Ɗalibin Falsafa:
Gwajin gaskiya ne amma tasirin da suka samu ɗan kaɗan ne sosai, a faɗi wannan ma. Kuma ɗan'uwa rubutun nan bai saka maka komai ba, abin da ke ciki ya taɓo.

Maman Husna:
Sadauki na fahimce ka amma ka ji nawa. Lokacin da nake cikin halin nan abin da ya fi ci min rai ba tunanin ba ne, ganin da nake kowa lafiya lau yake ni kaɗai ce na lalace. Maigidana mutumin kirki ne amma in na fara sai ya ce ki daina wannan maganar ba kyau, shi ma tsoro yake ji na gane daga baya. Wata rana cikin dare na ci karo da rubutun wata da ban san ta ba ban san ƙasarsu ba, ta faɗi daidai abin da nake ji har da kallon jaririya, wlh na ajiye wayar na yi barcin da na yi wata ban yi ba. Ba ta ba ni magani ba, ba ta ma san ina duniya ba. Akwai maganar da ba ka iya faɗa wa wanda zai gan ka gobe da safe, sai baƙo. In aka hana a nan ina zai kai ta?

Sadauki 01:
Hajiya ban ce ƙarya kike ba. Amma na taɓa zama a wani guruf da ba abin da ake sai wannan, kowa na zuba nasa, wanda ya fi nuna baƙin ciki shi ya fi samun layik, in ka ce ka ji sauƙi sai a yi shiru kamar ka ci amanarsu. Wata shida na yi na fita da ƙyar. Zama a cikin rami tare ba fita ba ne.

Admin:
Duka biyun akwai gaskiya. Ba za mu goge ba. Amma mu kiyaye, ba a yanke wa kowa hukunci kan imaninsa, ba wanda zai rubuta sunan ƙwaya ya ce a sha, kuma kar a ɗauki hoton wannan hirar a kai wani waje, amana ce. Wanda ya ji karatun na taɓa shi ya tsallake ba laifi.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, rubutu a waya na min wuya. Shekarata 67. Abin da yaron nan ya faɗa ya zo min sau uku, ina ɗan ashirin da wani abu, da lokacin da mahaifina ya rasu na ga ba kowa tsakanina da kabari, da watan da na bar aiki na tashi da safe na sa kaya na rasa inda zan je. Kowanne da kalarsa. Na farko tsoron in mutu ban yi komai ba. Na ƙarshe tsoron ko abin da na yi ɗin ba komai ba ne. Ba zan ce maka yana tafiya gaba ɗaya ba yarona, ƙarya ne. Yana zuwa yana komawa. Amma duk zuwan da ya yi sai da ya sa na gyara wani abu, na biyun ne ya sa na je na nemi ƙanina da muka yi shekara tara ba ma magana. An ce mu yawaita tuna mai yanke jin daɗi, ba a ce mu tuna don mu kasa barci ba, don mu tashi mu yi abin da muke ta jinkirtawa ne. In ya tashe ka, tambaye shi me ka bari ba ka yi ba.

Malama Ummu Bilal:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ka faɗi abin da na kasa faɗa.

Ɗalibin Falsafa:
Baba abin da ka faɗa kusan shi wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya, Viktor Frankl, ya tsaya a kai. Ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, matarsa da iyayensa da ɗan'uwansa duk suka mutu a can, ya fito ya rubuta a 1946 cewa ba mu ne ke tambayar rayuwa ma'anarta ba, ita ce ke tambayarmu kullum, amsa kuma da aiki ake ba da ita, da wanda kake ƙauna, da yadda ka ɗauki wahalar da ba makawa. Wani likitan a Amurka, Yalom, a 1980 ya ce abu huɗu ne a ƙasan wannan damuwar, mutuwa da nauyin zaɓi da kaɗaici da rashin ma'ana. Ni a nawa ganin na kaɗaicin shi ne ya cika zaurukan intanet da mutane ƙarfe uku na dare, kowa a ɗakinsa fuska na haske.

Sadauki 01:
To ai shi nake faɗa, waya na rage kaɗaicin na minti goma ta ƙara shi na awa uku.

Maman Husna:
Ya danganta da abin da ka yi bayan ka ajiye ta. Ni rubutun matar nan ne ya ba ni ƙarfin da na zaunar da yayata na gaya mata, ashe ita ma ta taɓa yi.

Abu Sumayya:
Ɗan'uwa Baƙon Dare ka yafe min maganata ta farko. Ka je asibitin kamar yadda aka ce, neman magani ba ya karo da tawakkali. Kuma tunda dai kana farkawa a sulusin dare na ƙarshe, maimakon wayar ka yi ko raka'a biyu ka faɗa wa Allah abin da ka faɗa mana da bakinka yadda yake, ba sai da Larabci ba.

Baƙon Dare:
Ba komai Malam, na san da kyakkyawar niyya ka yi. Na karanta duka, wasu sau biyu. Ban san me zan ce ba, na ɗauka mutum biyu za su amsa. Maganar Baba ta tsaya min, don akwai abin da na bari ban yi ba kuma na san shi. Tun ranar da aka binne abokin nan ban koma gidansu ba, ban kira mahaifiyarsa ba, lambarta na wayata, sau nawa ina buɗewa in rufe sbd ban san me zan ce mata ba kuma ina tsoron in ji muryarta. Cajar nan ma ƙaninsa ya aiko min da ita a leda, tana cikin durowa ban taɓa ta ba.

Anti Nas ranar Litinin zan je in sha Allah. Wane sashe ake fara zuwa, wajen likitan kowa da kowa ko kai tsaye wajen na ƙwaƙwalwa?

Nas Mai Aikin Dare:
Fara da likitan kowa da kowa, shi zai tura ka in da buƙata. Ka rubuta a takarda tun yaushe ya fara da sau nawa kake farkawa a sati, don in ka zauna gabansa za ka manta rabi. Kuma yanzu ƙarfe nawa a wajenka?

Baƙon Dare:
Uku da kwata.

Nas Mai Aikin Dare:
To ajiye wayar nesa da gado. Mahaifiyar tasa ka kira ta da hantsi, ba sai ka shirya abin faɗa ba, ka gaishe ta kawai ka ce kai ne abokin aikinsa.